Tsoho Mai Gora da Yaron da Ba Ya Jin Magana: Tambayoyi da Amsoshi Kan Drunken Master

Duk lokacin da hira ta biyo ta kan finafinan Chanis na da, a majalisa ne ko a wajen ɗaurin aure ana jiran a kawo abinci, sai ka ji wani ya ce, "Wai ya ma sunan fim ɗin nan na tsohon nan mai jan hanci?" Shi ke nan musu ya kaure. Wannan ya rantse Burusli ne, wancan ya ce bos ɗin ɗan Japan ne, wani kuma da furfurarsa ya miƙe ya tattare babbar riga zai gwada mana tangaɗi. Na gaji da raba gardama da baki, shi ya sa na nemo fim ɗin na sake kallonsa daga farko har ƙarshe, na tara tambayoyin da suka fi dawowa.

Wane fim ne wannan, kuma yaushe aka yi shi?

Sunansa da aka fi sani shi ne Drunken Master. A Hong Kong aka yi shi, ya fito a watan Oktoba na 1978. Kamfanin Seasonal na Ng See-yuen ne ya ɗauki nauyi, Yuen Woo-ping ya ba da umarni, Jackie Chan kuma shi ne ɗan wasa, yana ɗan shekara 24 a lokacin. Tsawonsa bai cika awa biyu ba. A Hong Kong kaɗai ya kawo kuɗi sama da dalar can miliyan 6, wato ya ninka abin da Snake in the Eagle's Shadow ya kawo, fim ɗin da waɗannan mutanen suka fitar a watan Maris na wannan shekarar. Mutane da yawa suna cakuɗa biyun a ƙwaƙwalwarsu, kuma ba laifinsu ba ne: ɗan wasa ɗaya, tsoho ɗaya, bos ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce, idan ka tuna kyanwa tana faɗa da gamsheƙa, wancan ne. Idan gora ka tuna, wannan ne.

Na manta labarin. Me ya faru a ciki?

Wong Fei-hung, wanda Jackie ya fito a matsayinsa, ɗan wani babban malamin kunfu ne, amma yaron ya gagari kowa. A makarantar ubansa ya mai da mataimakin malami abin wasa. A kasuwa ya hango wata budurwa ya je yana mata iya shege, wata dattijuwa ta zo ta lallasa shi a gaban jama'a. Yana komawa gida sai ya tarar da dattijuwar zaune a falo: ashe gwaggonsa ce, budurwar kuma 'yarta. Kafin ƙurar wannan ta lafa, sai ga wani attajiri an ɗauko masa ɗansa a naɗe da bandeji, wai Fei-hung ne ya karairaya shi. Uba ya ce ya isa haka, ya aika a kira Beggar So, wato So Almajiri, tsohon da ake cewa duk wanda ya shiga hannunsa ba ya fitowa da gaɓoɓinsa daidai.

Yaro ya ji haka ya gudu cikin dare. Yunwa ta kai shi wani gidan abinci, ya zauna kusa da wani mutum kamar sun san juna, ya yi oda kamar wanda zai ciyar da unguwa, ya cinye tas, ya zo fita ya nuna mutumin ya ce shi zai biya. Ashe mutumin shi ne mai gidan abincin. Aka kira wani ƙato ya dinga naushinsa a ciki har sai da ya dawo musu da kayansu. Wani tsohon mashayi da ke gefe ya shigar masa, suka tarwatsa wurin suka gudu tare. Yaro yana ta godiya yana zagin wani mugun tsoho da ake so a haɗa shi da shi, bai san a hannunsa yake ba. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Sauran labarin horo ne, da gudu, da wulaƙanci, da dawowa, sai faɗan ƙarshe, inda wani maƙiyin uban ya yi hayar makashi saboda rikicin fili. Horon da makashin kowanne yana da tasa amsar a ƙasa.

Amma ba Bruce Lee ba ne a ciki?

A'a. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, shekara biyar kafin wannan fim. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne, a wajenmu duk ɗan Chanis ɗin da ya cire riga ya yi ihu Burusli ne. Su ma masu fim na Hong Kong ba su taimaka ba, domin bayan rasuwarsa sun cika kasuwa da masu kama da shi, ana ba su sunaye irin su Bruce Li da Bruce Le, mu kuma muna biyan kuɗinmu muna shiga.

Shi kansa Jackie an so a mai da shi haka. Darakta Lo Wei ya sa shi a New Fist of Fury a 1976, aka ce ya ɗaure fuska ya zama sabon Burusli. Bai karɓu ba, finafinan da suka biyo baya ma haka. Da Lo Wei ya ga ba riba sai ya ba da aronsa ga Seasonal na fim biyu, su kuma suka ƙyale shi ya yi abin da ya iya, wato ban dariya. Bruce idan ya kai naushi sai ya tsaya ya ƙame yana zare ido. Jackie idan ya kai naushi sai ya yarfe hannu don shi ma ya ji zafi. Wannan yarfe hannun shi ne arzikinsa. Inda suka haɗu da gaske shi ne Enter the Dragon na 1973, inda Jackie ya fito cikin yaran bos, Bruce ya cafke gashinsa ya karya masa wuya. Ko minti ɗaya bai yi a allo ba.

Da gaske sunansa Jaki?

Haka muke kiransa, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki sai da muka girma. Idan aka duba irin dukan da yake sha da kayan da ake ɗora masa a wannan fim, sunan bai yi masa ƙarya ba. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Chan Kong-sang ne, an haife shi a Hong Kong a watan Afrilu na 1954. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan kwaikwayon gargajiya ta wani malami mai suna Yu Jim-yuen, ya yi shekara goma a can. Tashin asuba, alkafura, waƙa, sanda a jiki idan ka kuskure. 'Yan fim ɗin nan Sammo Hung da Yuen Biao duk 'yan makarantarsu ne. Saboda haka wahalar da kake gani a fuskarsa lokacin horo, ba sai da aka koya masa yadda ake yin ta ba.

Wong Fei-hung mutum ne da ya taɓa rayuwa, ko ƙirƙira ce?

Mutum ne na gaske. An haife shi a 1847 a lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, gwani ne a salon faɗan Hung Gar, kuma mai maganin gargajiya ne, yana da shagon magani da ɗori mai suna Po Chi Lam a birnin Guangzhou. Mahaifinsa Wong Kei-ying yana cikin mutum goma da ake yi wa laƙabi da Damisoshi Goma na Canton, wato Guangdong, kuma So Almajiri ma ana lissafa shi a cikinsu.

A nan ne dariyar fim ɗin take da wani zurfi da mu ba mu gani ba a lokacin. Tun daga 1949 wani ɗan wasa mai suna Kwan Tak-hing ya dinga fitowa a matsayin Wong Fei-hung, fim sama da 70, kullum a matsayin dattijo mai kamun kai, mai wa'azi, wanda ba ya faɗa sai an kai shi bango. Mutanen Hong Kong sun tashi da wannan hoton. Sai ga wasu matasa sun zo sun ce bari mu nuna muku shi yana yaro, yana cin bashin abinci yana tsokanar 'yan mata. Ka ɗauka wani dattijon da ake ambata da girmamawa a garinku, a ce an yi wasan ƙuruciyarsa ana kora shi daga gonar mangwaro. Har kiɗan da aka saba sa wa dattijon, wani tsohon taken sojoji, shi suka sa wa yaron. Wanda ya kalli Once Upon a Time in China na Jet Li, 1991, zai gane kiɗan nan take, don shi ma Wong Fei-hung ɗin ne.

Wane ne tsohon mai gora?

Sunansa Yuen Siu-tien, kuma shi ne mahaifin daraktan. Wato ɗa ne yake ba ubansa umarni ya faɗi ya tashi. An haife shi a 1912, ya shafe shekaru yana tsara faɗa da fitowa a ƙananan matsayi, har a finafinan Kwan Tak-hing da aka ambata a sama, amma duniya ba ta san fuskarsa ba sai da ya haura sittin da biyar. Jar hanci, hula a lanƙwashe, gashi buzu-buzu, tsumma a jiki, gora a hannu. Idan ka lura da kyau, duk inda tsohon ya fara alkafura sai hula ta rufe fuska ko kyamara ta koma bayansa, domin wani matashi ne ake sa wa kayan. Mu dai a lokacin mun yarda ɗari bisa ɗari cewa tsofaffin Chanis haka suke.

Bai daɗe yana cin moriyar sunan ba. Ya rasu a watan Janairun 1979, wata uku bayan fitowar fim ɗin, ana tsakiyar ɗaukar wani fim mai suna Magnificent Butcher, sai wani aka sa ya maye gurbinsa. Ɗan nasa kuwa ya yi nisa: Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗan The Matrix a 1999, da Crouching Tiger, Hidden Dragon a 2000, da Kill Bill.

Me ya sa horon ya fi faɗan zama a ƙwaƙwalwa?

Saboda mun san shi. Faɗan na Chanis ne, amma gwale-gwalen namu ne. Tun a gidan uban aka fara: a sa yaro ya ware ƙafa ya tsuguna kamar yana kan kujera alhali babu kujera, a jera masa kofunan ruwa a jiki, a ce idan ɗaya ya zube ya kuka da kansa. Abokinsa ya lallaɓo ya tura masa 'yar kujera a ƙarƙashi, ya zauna abinsa yana ta yatsina fuskar ƙarya, har uban ya zo ya gano. Duk wanda ya yi kamun kunne ko tsallen kwaɗo a firamare, ya kuma taɓa satar hutu idan malam ya juya baya, ya san abin da ke cikin ran yaron nan.

Wajen tsohon abin ya fi haka. Ya ɗaure masa hannuwa da gorori yana juya shi kamar 'yar tsana. Ya jera manyan randuna ya sa shi ya hau bakinsu yana kwashe ruwan wannan yana zubawa a waccan. Ya ba shi wasu 'ya'yan itace masu taurin ɓawo ya ce ya fasa masa da yatsu biyu, shi kuma yana kishingiɗe yana cinyewa. Wanda na fi so shi ne na ratayewa: an rataye yaro ta ƙafa, kai a ƙasa, an ba shi 'yan kofuna biyu ƙanana kamar na shayin Buzaye, ya ɗebo ruwa daga bokitin ƙasa ya naɗe cikinsa ya zuba a na sama. Tsoho ya yi gyangyaɗi, yaro ya sauko ya cika bokitin da hannu, ya watsa ruwa a fuska ya zama gumi, ya tashe shi wai ya gama. Tsoho ya leƙa ya gyaɗa kai, ya ce to madalla, yanzu a mayar da ruwan inda aka ɗebo shi, da kofunan nan dai.

Na yi dariya a nan ina yaro don na ga an kama mai wayo. Da na sake kallo kwanan nan sai na tsinci kaina a ɓangaren tsohon, ina cewa ƙara masa. Ina da ɗa mai shekara goma sha huɗu, wataƙila shi ya sa.

Bos ɗin fa? Ɗan Japan ne?

Ɗan Koriya ne, Hwang Jang-lee, kodayake a Japan aka haife shi a 1944, don haka mai cewa ɗan Japan ne bai faɗi ƙasa warwas ba. Gwanin takwando ne na gaske, har sojoji ya koyar kafin ya shiga fim. A cikin fim ana kiransa Thunderleg, in ka so ka ce Mai Ƙafar Aradu, makashi ne da ake biya ya kashe. Da shi aka buɗe fim ɗin, yana gamawa da wani a fili ba tare da numfashinsa ya sauya ba. Yana iya tashi sama ya kai shuri uku kafin ya sauko, babu igiya babu dabarar kwamfuta.

Haɗuwarsu ta farko ita ce wurin da sinima take yin tsit. Fei-hung ya gudo daga hannun tsoho, ya fake a wani kango yana shanya kayansa a wuta. Bos ya shigo ya ce ya fita. Yaro da bakinsa ya tsaya yana kurin kunfun ubansa. Aka tattaka shi son rai, aka zagi uban, aka jefa wandonsa a wuta, aka ce ya rarrafa ta tsakanin ƙafafun bos in yana son ransa. Kuma ya rarrafa. Ba mu saba ganin ɗan wasa a wannan hali ba, a fim ɗin Indiya ko mutum ashirin ne sai dai su yi ta tashi sama. Yaron ya fito da gudu da ɗan kamfai yana hawaye, ya koma wajen tsohon da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi. Daga nan ne ya fara koyo da gaske.

Wannan faɗan maye akwai shi, ko dai na fim ne?

Akwai shi, ana kiransa zui quan, kuma ya girmi fim ɗin da ɗaruruwan shekaru. Sai dai masu yin sa ba sa shan komai. Kwaikwayon mashayi ake yi: tangaɗi, faɗuwa, hannu a lanƙwashe kamar an riƙe kofi, don abokin faɗa ya kasa gane inda duka zai fito. Tsayuwa a karkace haka tana buƙatar ƙarfin ƙugu da natsuwar da mai maye na gaskiya ba shi da su.

Abin da tsoho ya koya wa yaron an jingina shi ga wasu mutum takwas na tatsuniyoyin addinin Tao da ake cewa ba sa mutuwa. Kowanne da salonsa: akwai gurgu mai ƙafa ɗaya mai ƙarfi, akwai mai ƙiba da ke rungume da tulu, akwai mai busa sarewa, akwai mai shaƙe wuya. Ta takwas mace ce, Ho. Yaro ya koyi bakwai, da aka zo kan ta mace ya ce shi ba zai yi rangwaɗa ba, ya tsallake. A faɗan ƙarshe ya juye wa bos bakwai ɗin nan kaf, bos ya karance su. Tsoho daga gefe ya ce saura ta Ho, yaro ya ce ai bai koya ba. Dole ya ƙirƙiro tasa nan take, yana fari da ido, yana murguɗa ƙugu, yana maƙale murya. Da abin da ya raina aka ci bos. A gidan kallon unguwarmu nan ne benci yake karyewa.

To ba tallar giya ba ce? Zan iya kallo da yarana?

Ba zan yi wa fim ɗin kwaskwarima ba: a cikinsa ana sha, kuma an nuna kamar shan yana ƙara wa yaron ƙarfi. Wannan ƙarya ce ta fim, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata. Amma fim ɗin bai ɓoye ɗaya fuskar ba. Akwai inda aka aiki yaro sayen giya ya cinye kuɗin, ya cika gora da ruwa. Abokan gaba suka zo, tsohon da ke gagara kowa sai ga hannunsa yana karkarwa, ya kasa kare kansa. Mutumin da bai da gida, bai da iyali, bai da riga ta biyu, ga shi kuma bawan gora. Yaro mai hankali zai ga wannan in an nuna masa.

Mu da muka kalla muna yara ban san wanda ya fara sha saboda shi ba, abin da na sani shi ne an sha ruwan randa da yawa a murfin kwano ana tangaɗi. Ni dai na kalla da nawa, na yi musu bayani kafin a fara. Akwai zagi jefi-jefi a fassarar Turanci, da wurin tsokanar budurwa a kasuwa wanda yanzu ba ya ba ni dariya kamar da. Kowane uba ya san gidansa.

Me ya sa baki yake motsi daban, magana tana fita daban?

A wancan zamani yawancin finafinan Hong Kong ba a ɗaukar sauti a wajen aiki. Hoto kawai ake ɗauka, daga baya a shiga ɗaki a ɗora murya, ta Kantonis ko ta Mandarin, wato harsunan Chanis, ko ta Turanci, gwargwadon kasuwar da za a kai. Sau da yawa ko a harshensu ba muryar ɗan wasan kake ji ba. Masu ɗora Turancin kuwa suna ƙoƙarin cusa magana ne daidai tsawon motsin baki, shi ya sa za ka ji an tsaya a tsakiyar jimla ba dalili, sannan a ƙarasa da gudu. Su ne suka mai da Wong Fei-hung ya koma Freddie Wong, tsohon kuma Sam Seed.

Ƙarar duka ma a ɗakin ake haɗa ta. Shi ya sa ko hannu mutum ya ɗaga zai sosa kai sai ka ji fuu kamar an kaɗa bulala. Mu wannan bai dame mu ba, don ba Turancin muke ji ba. Kowane gidan kallo yana da wani wanda ya kalli fim ɗin sau goma, ya zauna a tsakiya yana fassara abin da ya ga dama, tun kafin a san za a yi sana'ar fassara finafinai da Hausa.

Dukan na gaske ne?

Tsararre ne, kowane motsi an ƙirga shi kamar rawa, shi ya sa za ka ji faɗan yana tafiya da kiɗa, ɗaya biyu, ɗaya biyu. Amma jiki ne yake haɗuwa da jiki, kuma ƙafar Hwang ba ta san wasa ba. A Snake in the Eagle's Shadow ya fitar wa Jackie da haƙori. A wannan kuma ya same shi a ƙashin gira, saura kaɗan ido ya tafi. Abin da zai burge ka yau shi ne yadda kyamara take tsayawa nesa ta bar ka ka ga mutum biyu daga kai har ƙafa suna musayar motsi goma sha kafin a yanka. Ɗan dambe ma zai gaya maka wanda bai iya ba ba ya jure a kalle shi haka.

Me ya sa duk wanda ya fito daga kallonsa sai ya nemi faɗa?

Wannan ciwo ne da ba a samo maganinsa ba. Yayyenmu a sinima suka gan shi, irin su Plaza da Orion da El Dorado a Kano, inda Indiya da Chanis suke raba kwanakin mako. Mu a kaset muka same shi, a wani shago mai labulen buhu, talabijin a kan drom, janareto yana ƙugi a waje, hoton ya sha kallo har ruwan sama yake yi. Ana tashi, layin gaba ɗaya ya koma makarantar kunfu. Kowa yatsunsa a lanƙwashe, kowa yana yi wa kansa ƙarar duka da baki, kuma ba mai yarda ya zama bos.

Ni na kai abin gaba. Na samo igiyar guga na ɗaura a reshen darbejiyar gidanmu, na sa ƙanena ya taya ni rataya ta ƙafa, ga bokiti biyu ga kofin shayin Baba. Kofi uku na kwasa jini ya taru mini a ka, na ce ya kwance ni, shi kuma ya ji sallamar Baba ya ruga. Haka Baba ya shigo ya same ni ina lilo kamar jemage, kofinsa a fashe a ƙasa. Bai ce komai ba sai da ya ajiye kekensa, ya yi alwala, sannan ya dube ni ya ce, "Malam Jaki, an gama ko da saura?" Inna ce ta kwance ni. Abin da ya biyo baya ba ya cikin salo takwas ɗin nan.

Akwai kashi na biyu?

Akwai, amma sai 1994, shekara goma sha shida bayan na farko. Lau Kar-leung ne ya fara ba da umarni, suka saɓa da Jackie, Jackie ya ƙarasa. Yana dab da cika shekara 40 ya sake fitowa a matsayin yaron gida. Ti Lung da ya fito a ubansa shekara takwas kawai ya ba shi, Anita Mui da ta fito a matar uba kuwa Jackie ne ya girme ta da shekara tara. Faɗan ƙarshe a masana'antar ƙarfe, da Ken Lo wanda mai tsaron lafiyarsa ne a zahiri, har da faɗawa kan garwashi, yana cikin mafi kyawun da aka taɓa ɗauka. Game da tambayar giya da ke sama: a ƙarshen na Hong Kong an nuna abin da ya sha ya makantar da shi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, amma da aka kai fim ɗin Amurka a 2000 sai aka yanke wurin. Babu tsoho mai gora a ciki, kuma a wajena wannan giɓi ne.

Idan na nemo shi yau, zai yi daɗi kamar da?

Wani wurin e, wani wurin a'a. Gashin tsohon a fili yake na sayowa ne. Faɗa da yawa a fili ake yi, tudu da ciyawa. Barkwancin mataimakin malami ya yi yawa, akwai kuma faɗa biyu ko uku da ba su da alaƙa da komai, kamar na mai sanƙon nan da ke tunƙaho da taurin kai har aka samo masa guduma. Amma jikin Jackie a 1978 abin kallo ne, kuma tsakaninsa da tsohon akwai wani abu da ba a saya da kuɗi.

In kana son inganci, nemi wanda aka gyara hotonsa mai faɗi, da harshen Kantonis da rubutun fassara a ƙasa. Tsofaffin kaset suna yanke gefe da gefe, shi ya sa da muke ganin ƙafa tana shigowa ba mu ga mai ita ba. Wasu faya-fayen DVD kuma za ka ji ana Kantonis sai a koma Turanci a tsakiyar zance, ba na'urarka ce ta lalace ba. In kuwa ƙuruciyarka kake nema, to Freddie Wong ɗin nan dai shi ne naka.

Me ya sa fim ɗin ya ƙare kwatsam? Ko kaset ɗinmu ne ya yanke?

Ba a yanke muku komai ba, kuma mai gidan kallon da kuka zaga ku nemi gafararsa. Haka finafinan kunfu na lokacin suke: bos yana faɗuwa, hoto ya tsaya, rubutu ya fito, a kunna fitila. Ba biki, ba komawa gida a ga uba ya rungume ɗa, ba a ma tsaya an gaya maka yadda aka ƙare da maganar filin ba. Guntayen kurakurai da raunuka da aka san Jackie da sakawa a ƙarshen fim ma babu su a nan, sai bayan ya yi The Cannonball Run a Amurka a 1981 ya ɗauko wannan al'adar. Mu ma ba mu taɓa tsayawa neman ƙarin bayani ba, domin kafin rubutun ya gama fitowa rabinmu sun kai bakin ƙofa, ana neman takalma a cikin duhu, wani ya riga ya kai wa wani shuri.